Tsofaffin kwabban Italiya na Sarki Vittorio Emanuele II: yaya ake tantance su?

Bazazzagi: Assalamu alaikum. Akwai wasu ƙananan kwabbai jajaye a hannun mai tsofaffin kaya a Sabon Gari, an rubuta VITTORIO EMANUELE II RE D'ITALIA, shekarunsu 1861 da 1867. Yaya zan gane na gaske? Wasu kuma sun yi kore, a wanke su?

Malam na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Fara da sikeli. Nauyin waɗannan kwabbai yana bin darajar da aka rubuta a jikinsu: centesimo 1 (centesimo shi ne kwabon tsohon kuɗin Italiya, lira) giram 1 ne, faɗinsa milimita 15, na 2 giram 2, milimita 20, na 5 giram 5, milimita 25, na 10 giram 10, milimita 30. Kai wa maƙerin zinare ya auna maka. Wanda ya sha hannu zai ɗan ragu, amma idan ya zarce nauyinsa da yawa, bar shi. Jan ƙarfe ne kashi 96, sauran kuza, don haka maganaɗisu ba ya kama shi.

Hajiya ta Samaru: Ƙanena, duba harafin da ke ƙasa, a gefen da aka rubuta darajar, domin shi ke nuna garin da aka buga kwabon, kuma tsadar tana wurin. M Milan ne, N Napoli, T Torino. A wasu na 10 za ka ga H, waɗanda aka buga a Birmingham ta Ingila. Masu M sun yi yawa, kada a tsawwala maka. Centesimo 1 na 1867 mai T da na 5 na 1861 mai B, wato Bologna, suna cikin masu wuyar samu, kuma su ake yi wa dabarar sauya harafi. Sa gilashin ƙara girma ka nemi alamar kankarewa a kewayen harafin.

Malam na Tudun Wada: Batun kore kuwa, iri biyu ne. Mai duhu, mai santsi, wanda ya manne, kariya ce; ƙyale shi. Mai haske da ke zuba kamar gari shi ne cutar, gishiri da laima ke kawo shi, kuma da damina yake ci sosai har ya huda kwabon. Ware shi daban, jiƙa shi a ruwan batir marar asid, kana sauya ruwan, sannan ya bushe sarai. Ban da lemun tsami, toka ko Brasso, suna kwashe launin asali, farashi ya faɗi. Ajiya a ambulan takarda, ba leda mai laushi ba.

Bazazzagi: Na gode, Malam, na gode Hajiya. Gobe sai wurin maƙeri.