Ku taimaka min da Hausar "fibre" da "adresse IP publique" kahin Asabar

Ƴar Ader: Salamu alaikum ƴan'uwa. Ina da shiri ran Asabar ƙarhe 8 na dare a gidan rediyonmu nan Tahoua, kan yadda mutum zai zaɓi kamfanin da zai ja mishi intanet na fibre har gida ko shago. Abin da ya sa na ɗauko maganar kawuna ne, ya biya kuɗin ja, ya sa kamarori 4 da na'urar naɗi a shagonshi na kasuwa don in ya tahi Lome sari ya riƙa ganin shago ta talho, ya tahi ya dawo bai ga komi ba, sai daga baya wani yaro ya ce mishi ai layinka ba shi da adresse IP publique. Har yau abin na mishi zahi don ba wanda ya gaya mishi kahin ya biya. To kalma biyu nika nema, fibre da wagga adresse publique. Ba ni so in cika ma tsohhi kunne da Faransanci.

Mai jan waya, Yamai: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fibre mu wurin aiki fibir kawai muke cewa kuma kowa na ganewa. Ta biyun ce mai wuya, ni dai na kan ce lambar waje.

Ɗalibin jami'a: Adireshin IP na jama'a. Shi ne fassarar kai tsaye.

Ƴar Ader: A'a ɗan'uwa, in na ce na jama'a za a ɗauka irin famfon jama'a ne, kowa ya zo ya ɗiba kyauta. Yaya mai jan waya, ka hwaɗa min mi ke faruwa a ciki tukuna, ƙila kalmar ta hito da kanta.

Mai jan waya, Yamai: To ki saurara. Adresse IP lamba ce da ake gane na'ura da ita a intanet. Tsohon tsarinta IPv4 lambobinsa duka duka wajen biliyan 4.3 ne, kuma tun Fabrairun 2011 babbar hukumar da ke riƙe da su IANA ta raba ragowar, mu Afirka rabonmu yana hannun AFRINIC da ke tsibirin Moris, daga can kamfanoni ke samu. Tunda lambobi ba su isa kowa ba sai kamfani ya tara gidaje da yawa bayan lamba ɗaya, shi ne CGNAT. Kin san yadda a da dangi guda ke amfani da akwatin gidan waya ɗaya? To kusan haka, amma ya fi haka tsanani, don in ke kika aika saƙo amsa za ta dawo miki lafiya lau, shi ya sa WhatsApp da YouTube ba su da matsala, amma in wani daga waje ne ya fara ƙwanƙwasa yana neman na'urar kawu, ba a san ɗakin da za a kai shi ba, sai a kore shi. Gwajin ba wuya, a shiga shafin akwatin da kamfani ya sa a gida a duba lambar da ya samu daga layi, in ta fara da 100.64 har zuwa 100.127 to ana cikin taro ne. Wadda kike gani 192.168 kuwa ta cikin gida ce, kowa na da irinta. Wasu kamarori na zamani suna bi ta sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin da ya ƙera su, su kauce ma matsalar, na kawu da alama ba irinsu ba ne.

Ƴar Ader: Allah shi saka da alheri, yanzu na gane. Kenan ta cikin gida lambar ɗaki ce, publique kuwa lambar ƙohwar gida?

Baba Malam: Ɗiyata, kahin ku yi nisa. Shekara 31 na yi ina karantarwa a lakkol kuma raina na ɓaci in na ji ana cewa fibir a rediyo. Abin nan gilashi ne siriri da haske ke gudu cikinshi, na gani da idona ranar da anka haɗa ma maƙwabcina, yaron ya fere baƙar roba ya hiddo wani abu kamar gashin kai ya ɗora bisa yatsa, sai da na sa tabarau na ganshi. Hausa na da sili, silin gashi. Ku ce SILIN HASKE. Na daɗe ina kiranshi haka.

Mai jan waya, Yamai: Baba gaskiyarka wajen kauri, gilashin kashi 1 cikin 8 na milimita ne. Amma in mutum ya je ajans ya ce a ja min silin haske yarinyar da ke bayan kanta kallonsa za ta yi.

Baba Malam: Yau za ta kalle shi, gobe ta saba. Jirgin sama da gidan waya ai wani ya fara hwaɗinsu. Tun Maris 2025 doka ta ce Hausa ce harshen ƙasa, in ba mu ƙera kalmomi yanzu ba yaushe? Silin haske. Kuma adireshi ma ku bar shi, Ingilishi ne.

Ɗalibin jami'a: Baba da girmamawa, ni na fi jin zaren haske ko wayar gilashi, kuma ina ganin gara mu bi abin da manyan gidajen rediyo na Hausa za su iya ɗauka, kar mu ƙirƙiro abin da mutumin Kano ba zai gane ba.

Baba Malam: Kano ta tambaye mu sanda ta ce mota mu muna cewa mato? Mu munka ce kuran su sunka ce lantarki, wa ya mutu? Kullum sai a maida Hausar Ader ta ƙauye. Sili kuwa ba Bahaushen da bai san shi ba, daga Agadas har Zariya.

Hajiya ta Yantala: Malam ka yi haƙuri, ni ma ina kishin harshe, amma nan Yamai rabin masu saye Zabarmawa ne, fibir ɗin ce ta haɗa mu a kasuwa. Kuma aron kalma ba abin kunya ba ne, sabulu da littafi ma aro ne.

Ɗalibin jami'a: Ni ban ce Hausar Ader ƙauye ba ce Baba, uwata ƴar Illela ce.

Baba Malam: To ka riƙe mata mutunci.

Ƴar Ader: Don Allah iyayena ku dawo, yau Alhamis, kuma ban da ko layi ɗaya a takarda. Abin da ya dame ni kar wani ya sake zuba kuɗinshi kamar kawu. So nike mai saurare ya tashi da tambayar da zai yi ma kamfani kahin ya sa hannu.

Mai jan waya, Yamai: To ya tambayi wannan: lambar waje tawa ce ni kaɗai ko ta taro ce, in tawa ce tana canzawa ko tsayayya ce, kuma nawa ake ƙarawa a wata. Ya tambayi saurin aikawa ba na saukewa kaɗai ba don kamara aikawa take yi, ya tambaya ko suna ba da IPv6, sabon tsarin da lambobinsa ba sa ƙarewa nan kusa, sannan in waya ta tsinke kwana nawa kafin su zo. Kuma ko Niger Telecoms zai je ko wani, tambayar ɗaya ce, ya nemi a rubuta masa amsar. Ki tuna musu kuma in kuran ya ɗauke akwatin gida mutuwa yake sai da batir.

Hajiya ta Yantala: Lambar ƙofar gida ta fi min lambar waje daɗi, waje sai a zaci ƙasar waje ake nufi. Ta taron kuma ki ce lambar gidan haya, ƙofa ɗaya ɗakuna da yawa.

Mai jan waya, Yamai: Hajiya wannan ta zauna, na yarda. Sai dai ta faɗi publique ɗin sau ɗaya, don shi ne a rubuce cikin kontira.

Ƴar Ader: Madalla. Lambar ƙohwar gida, lambar ɗaki, lambar gidan haya, na rubuta. Fibre kuma zan ce silin haske wanda aka fi sani da fibir a buɗe shiri, daga nan in ga wanda masu bugo waya za su kama. Baba ka yarda?

Baba Malam: Ban yarda da "wanda aka fi sani" ba, amma shirinki ne ɗiyata. Zan saurara, kuma zan bugo.

Ɗalibin jami'a: CGNAT ɗin kansa fa? Gidan haya kwatance ne, ba suna ba.

Ƴar Ader: Wannan sai wani mako, yanzu zan je wurin kawu in ɗauki muryarshi kahin a ruhe kasuwa.