Ina son hada tarihin danginmu, ta ina zan fara?

Sabonshiga: Salam yan uwa, dan Allah ina so in binciko asalin gidanmu amma iyakar sanina kakan babana, daga nan shiru. Ta ina ake farawa ne?

Yayarku: Wslm kanina. Fara da tsofaffin da ke raye tun kafin lokaci ya kure, ka je da waya ka yi rikodin, kuma kar ka ce "bani tarihi" zasu ce sun manta, tambaye su wa ya rada musu suna, wa suka ci sunansa, nan zaka ga zance na fitowa. Matan gidan sun fi rike wa ya auri wa wlh.

Mai_nazari: Ka duba bayan tsofaffin hotuna da takardun gado, wani lokaci akwai shekara a rubuce. Duk abinda ka samu rubuta wanda ya fada maka, don zaka tarar mutum daya da suna biyu ko lakabi. FamilySearch, shafin binciken asali a intanet, kyauta ne, zaka iya zana bishiyar danginku a can.

Sabonshiga: Nagode yaya. Gwajin DNA fa?

Mai_nazari: Bari sai daga baya malam, bazai baka sunayen kakanninka ba, Y-DNA ma layin uba kadai yake bi.