Janaretar motar da nake kwana a ciki ta ƙi tashi saboda sanyi

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Manitoba, ƙasar Kanada. Bara na sayi tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, da gado da kicin, don wurin aikina ya yi nisa da birnin Winnipeg, haya biyu kuma ta fi ƙarfina, ga kuɗin makarantar ƙanena a gida, ga uwargida da tun farko ta ce kada in saya. Janaretar motar mai shan dizal ce. Duk bazara lafiya lau. Da Janairu ya kama, sanyi ya kai 28 ƙasa da sifili, in na danna sai ta yi gurnani ta yi tsit. Shekaranjiya da takalmi na kwana, na tashi ruwan buta ya zama ƙanƙara. Yaya zan yi injin ya riƙa kwana da ɗumi?

Direban Tirela: Wa alaikumus salam. Ba ka faɗi wane baƙin mai ke ciki ba. In 15W-40 ne, a sanyin nan kauri yake yi kamar zuma, juye shi ka zuba 5W-40. Yaushe ka sha dizal? In na bazara ne a tankin, kakin da ke cikinsa ya daskare ya toshe filta. Canja filta, ka sha na hunturu. Sannan ka manna hita a ƙasan injin, ka jona ta awa uku kafin ka tayar.

Baban Ummi: Yallaɓai, a ina zan jona? Filin babu wuta, janaretar ce wutata. Dizal kuwa tun Satumba na cika, don ya fi sauƙi a lokacin.

Direban Tirela: To ga ciwon nan, sauƙin ne ya kwantar da kai.

Ɗan Jos: Mu nan da sanyin Disamba direbobi garwashi suke turawa ƙarƙashin tanki. Ku dai ku gode Allah, ni janaretata wata uku tana wajen bakanike, kullum sai gobe.

Maman Khalil: Subhanallahi, garwashi ƙarƙashin ɗakin da mutum ke barci? Baban Ummi, kada ka kuskura. Kuma kada ka bar ta tana aiki kana barci, iskar gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari. Kana da na'urar da ke ƙara in ta ji ta?

Direban Tirela: Hajiya, na'urar dole ce, amma injin da bai mutu ba ba ya saurin daskarewa, mu haka muke kwana a hanya. Shi dai ya share ƙanƙara daga bakin salansa. Ya kuma cire batir ya kwana da shi a ɗumi, sanyi na cinye masa ƙarfi.

Baban Ummi: Batirin sabo ne fa. Dizal ɗin ma ba zan zubar ba, kuɗi na sa. In na zuba maganin hana daskarewa yanzu ba zai yi ba?

Direban Tirela: Wannan kafin ya daskare ake zuba shi. Sai dai a ja motar zuwa gareji mai ɗumi ta kwana.

Maman Khalil: Ka koma wajen iyalinka har Maris, don Allah.

Baban Ummi: Hajiya, aikin fa? Daren yau an ce sanyin zai ƙaru. Akwai wanda ke kusa da Winnipeg mai ƙaramar janaretar fetur ya ara mini?