Shin Cancanta Ce Ta Kai Arsenal Rukunin Farko a 1919?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Magoya bayan Arsenal suna yawan tinƙaho da cewa ƙungiyarsu ba ta sake faɗowa daga rukunin farko na Ingila ba tun 1919. Wannan gaskiya ne, amma ina da ja a kan yadda ta shiga. A kakar 1914 zuwa 1915, wadda ita ce ta ƙarshe kafin a dakatar da gasar saboda Yaƙin Duniya na Farko, Arsenal ta ƙare ne ta biyar a rukuni na biyu, Barnsley da Wolverhampton duk suna gabanta. Ƙungiyar da ta zo ta biyar ba ta da hurumin hawa, don haka ina ganin kujerar Tottenham aka ɗauke aka ba ta.

Alhaji Nura: Wa alaikumussalam, Malam. Ai ba a ɓoye aka yi ba. Bayan yaƙi an ƙara yawan ƙungiyoyin rukunin farko daga 20 zuwa 22, Derby da Preston suka hau da ƙoƙarinsu, aka bar Chelsea a wurinta, sannan aka kaɗa ƙuri'a a kan gurbi ɗaya da ya rage a watan Maris na 1919. Arsenal ta samu ƙuri'a 18, Tottenham ta samu 8. Kada kuma a manta, Tottenham ce ta ƙarshe a rukunin farko a 1915, wato dama faɗuwa ce ke jiranta.

Malam Habibu: Alhaji, to me ya sa aka ceci Chelsea da ta zo ta 19?

Alhaji Nura: Saboda an zalunce ta. A watan Afrilu na 1915 wasu 'yan wasan Manchester United da Liverpool sun haɗa baki United ta ci 2 da nema, aka kuma hukunta su bayan bincike. Waɗannan maki biyu na haram su ne suka ɗora United a saman Chelsea. Ko da an soke wasan, Tottenham tana nan a ƙasa, ba abin da zai canza mata.

Malama Rabi: Yaya Nura, bayaninka a kan Chelsea ya gamsar da ni, amma bai wanke Arsenal ba. A 1905, lokacin da aka faɗaɗa rukunin daga 18 zuwa 20, an bar Bury da Notts County da suka ƙare a ƙasa, saboda haka Tottenham tana da dalilin sa ran a yi mata haka. Hujjar da aka kafa wa Arsenal ita ce daɗewa, domin ita ce ƙungiyar kudancin Ingila ta farko da ta shiga gasar a 1893, shekaru bakwai bayan ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich sun kafa ta, alhali Tottenham sai 1908 ta shigo. Idan daɗewa ce ma'auni, Wolverhampton tana cikin waɗanda suka assasa gasar a 1888, kuma ta fi Arsenal matsayi a teburi.

Malam Habibu: Madalla, Malama. Sannan ga Henry Norris, shugaban Arsenal da ya ɗauko ta daga Woolwich ya kai ta Highbury a 1913, kusa da unguwar Tottenham, wanda daga baya hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta haramta masa harkar wasan saboda badaƙalar kuɗi. Mutum irin wannan zai iya sayen ƙuri'a.

Malama Rabi: A nan kuma ban bi ka ba, Malam. Laifin da aka kama shi da shi ya shafi kuɗin ƙungiyarsa ne, shekaru bayan wannan zaɓe, kuma ba a taɓa gabatar da shaidar cewa ya ba wani cin hanci a 1919 ba. Kamun ƙafa da neman goyon baya na yarda an yi, kuma ina ganin an tauye Barnsley da Wolverhampton fiye da yadda aka tauye Tottenham, wadda ta lashe rukuni na biyu ta koma sama a 1920.