Shin akori-kura 504 salun ce da aka yanke wa baya?

Baban Khalifa: Salamu alaikum. Akori-kura Peugeot 504 ta marigayi mahaifinmu ta shekara tara a kafe, ina so in tayar da ita. Aksul ɗin baya ne ya mutu. Wani mai kayan mota ya ce min 504 duk 504 ce, akori-kura salun ce da aka yanke wa baya aka sa bodi, wai nau'o'in salun GL da GR da SR ma bambancinsu kujeru ne da ado. Ya ce in ɗauki na salun in ɗaura. Haka ne?

Na Ƙofar Ruwa: Wa alaikumussalam. Allah ya jiƙan Baba. Ni ban ga ƙarya a maganarsa ba. Kullum muna sayar da kayan salun ga masu akori-kura: kafireta, kuloci, fitilar gaba, gilashin gaba. Giyabos ɗin nan mai giya huɗu, BA7, tun a 404 aka fara sa shi a 1967, 504 ta gaje shi. Sauƙin musayar kaya shi ya sa motar ta daɗe a ƙasar nan.

Oga Bakanike: Alhaji, duk abin da ka lissafa daga gaban mota yake. Tambayar yaron nan a kan baya take. Salun ta fito a 1968, akori-kurar ba ta fito ba sai 1979. Da yanke baya ne kawai, me zai ɗauke su shekara goma sha ɗaya? Salun GL kowace tayar baya da hannunta, tana motsi ita kaɗai a kan sifirin mai naɗi, birkinta na faifai ne. Akori-kura aksul ɗaya ne miƙaƙƙe, a kan sifirin mai falle-falle, birkinta na ganga. Babu ma wurin da za ka ɗaure ɗaya a mazaunin ɗaya.

Na Ƙofar Ruwa: To ai Oga, akwai salun mai aksul miƙaƙƙe. Na sayar da su da hannuna.

Oga Bakanike: Madalla, ka kawo min hujja da kanka. Wannan tsarin 504 L ne, wadda aka fitar a 1973 don masu neman sauƙin kuɗi: inji mai girman cc 1796 maimakon cc 1971 na GL, aksul miƙaƙƙe, birkin ganga a baya. Ita kuwa 504 TI ko kafireta ba ta da shi, famfo ne ke fesa mata fetur. Ka ga haruffan nan sun wuce maganar kujera, har ƙarƙashin mota suke shiga. Kuma ko aksul ɗin L ɗin a kan sifirin mai naɗi yake zama.

Direban Maraɗi: Ina bayan Oga. Mu nan tun kat-san-kat, wato 404, muka san wannan. Salun ɗinta noti uku ne a taya, mai ɗaukar kaya noti biyar. Aksul ɗin salun 404 ma wani iri ne, haƙorin cikinsa na tagulla, mansa daban, in ka zuba masa man da ba nasa ba ya cinye. Wanda ya taɓa loda buhunan gero zuwa Jibiya ba zai haɗa su ba.

Malam Ɗanjuma: Ni dai ina ganin kuna tsanantawa. Walda me aka yi ta domin shi? Na ga an ɗauki aksul ɗin 504 wagon, an yanke mazaunin sifirin, an sake liƙa wani, mota tana tafiya har yau. A Panteka babu abin da ba a yi.

Direban Maraɗi: Tafiya daban, ɗaukar kaya daban, Malam. Ni aka yi wa irin wannan aikin. Fanko kam tana gudu kamar iska, har na ji daɗi. Ranar da na yi lodi, a ɗan hawa kaɗan sai da na koma giya ɗaya, kuloci yana ƙauri. Wata uku na canza shi, ga tayar safaya ta daina shiga baya.

Oga Bakanike: Dalilin yana cikin haƙora. A salun GL ƙaramin haƙori tara ne, babban talatin da biyar, wato farfela, sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, ta juya kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. Na mai ɗaukar kaya an yi shi farfela ta fi haka juyawa, gudu ya ragu, ƙarfin ja ya ƙaru. In ka sa na gudu a motar lodi, nauyin da aksul ya kamata ya rage sai ya koma kan kuloci da inji.

Malam Ɗanjuma: Na yarda da maganar lodi. Amma Baban Khalifa bai ce zai koma jigila ba. In don tunawa da mahaifi ne, a zaga gari ranar Juma'a, me zai hana? Kamfanin PAN na Kaduna ya daɗe da daina haɗa ta, na asalin ba a kan hanya yake ba.

Baban Khalifa: A'a Malam, gona za ta koma. Taki da masara za ta riƙa ɗauka kamar yadda Baba ya yi da ita.

Oga Bakanike: To ɗana, kada ka saya tukuna. A sauke naka a buɗe, sau da yawa boris ne ko haƙori ɗaya ya tafi, kwanson aksul ɗin lafiya lau. Ka ƙirga haƙoran babba da ƙarami, ka ƙirga notin taya, ka auna faɗinsa daga ganga zuwa ganga, ka rubuta a takarda.

Na Ƙofar Ruwa: Har yanzu ina kan bakana cewa daga giyabos zuwa gaba kusan duk ɗaya ne. Na baya kam na sallama. Turo min lissafin haƙoran, akwai wanda ya kwance akori-kura biyu a layinmu, gobe zan leƙa masa.