Tsohuwar Land Rover mai fetur: dole ne sai na riƙa zuba maganin da ke maye gurbin dalma?

Dogon_Zango:
Salamu alaikum manyan gareji. Mota ce Land Rover Series III ƙirar 1976, injin fetur mai lita 2.25, kan injin bai taɓa zuwa wurin masu injin gurzar ƙarfe (lathe) ba. A cikin gari take yawo, amma yanzu ana so ta riƙa yin Kano zuwa Damagaram da kaya. An ce min fetur ɗin yanzu babu dalma, kuma zai cinye bawul idan ban zuba magani a tanki ba. Gaskiya ne? Wanne zan saya, nawa ake zubawa? Akwai kuma Peugeot 504 a gidan, ita ma tana buƙata?

Oga_Tafet:
Wa alaikumus salam. Malam, ba bawul ɗin ne ke fara ciwuwa ba, mazauninsa ne, kuma na ɓangaren hayaƙi. Dalmar da ake sa wa fetur tun shekarun 1920 aiki biyu take yi: tana ɗaga oktan, wato ƙarfin fetur na jure matsi ba tare da ya fashe kafin lokaci ba, sannan idan ta ƙone tana barin wani siririn shafi tsakanin bawul da mazauninsa. Da babu shafin nan, bawul mai zafi ya sauka a kan ƙarfen zubi, sai ya ɗan manne, ya tsinko ɓurɓushin ƙarfe idan ya tashi. Ɓurɓushin ya yi tauri ya zama kamar yashi, bawul na juyawa yana gurzar mazaunin da shi, a hankali ya nutse cikin kan injin.

Abin tambaya shi ne da me aka yi kan injin. Ɗora maganaɗisu. Idan ya kama, ƙarfen zubi ne, kuma a injin 2.25 na asali a jikin ƙarfen aka yanka mazaunin kai tsaye. Wannan shi ne injin da ke cikin haɗari, shi da irin su Morris Minor da MGB. Ita 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, kanta na alminiyum ne, dole aka dasa mata zoben mazauni daban tun daga masana'anta. Haka Volkswagen Beetle. Waɗannan ba su cika damuwa ba, kada ka ɓata kuɗinka a kansu.

Ka kuma tuna ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun bar fetur mai dalma tun farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Ke nan motarka ta daɗe tana shan marar dalma. Abin da ya cece ta shi ne tafiyar cikin gari. Cin mazauni yana tsananta ne idan inji ya daɗe sama da juyi 3,000 a minti da nauyi a kansa, kuma a Series hakan bai wuce gudun kilomita 70 zuwa 80 a giya ta huɗu ba. Hanyar Damagaram da kaya, ai ka shiga ciki.

Mai_Sifana:
Oga ya gama bayanin dalili, bari in ɗora da yadda ake zubawa. Magungunan nan iri huɗu ne bisa sinadarin da ke ciki: fotasiyam, sodiyam, fosfaras, da manganis. Castrol Valvemaster na fosfaras ne, Red Line Lead Substitute na sodiyam, Millers VSP na manganis. A 1999, kafin Birtaniya ta janye fetur mai dalma a 2000, ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta can, FBHVC, ta sa an gwada irin waɗannan a kan injin Rover A-series, kuma ba duka ne suka tsallake ba. Don haka kwalbar da ba a rubuta sinadarin cikinta ba, bar ta a kanta.

Valvemaster mililita 1 ne ga kowace litar fetur. Tankin gajeriyar Series lita 45 ne, amma da fetur ɗin da za ka saya ake lissafi, ba da girman tanki ba: za ka sha lita 30, zuba mililita 30. Fara zuba maganin, sannan a ɗura fetur a kai ya gauraya shi. Sauran kamfanoni awonsu daban, karanta jikin kwalba. Sirinji na allura ya fi murfin kwalba daidai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsalle daga wannan iri zuwa wancan. Zaɓi sinadari ɗaya ka tsaya a kai, kowane shan mai, domin shafin da yake bari ba ya daɗewa kamar na dalma. Idan dole ka canza, bari tanki ya kusa ƙarewa tukuna. Ninka awo kuma yana iya tara datti a fulogi da jikin bawul. Na manganis yana rina fulogi ja-ja kamar tsatsa, wannan ba matsala ba ce, sai dai yana hana ka karanta launin fulogi don sanin ko kafireta na ba da mai daidai. Kuma kada ragowar ta shiga motar zamani, fosfaras da manganis suna kashe katalis ɗin salansa, wato matatar hayaƙi.

Baba_Injiniya:
Ni dai ina ganin kafin ya sayi kwalba, ya sayi fila gej, siraran ƙarafan nan na auna rata. Ratar tafet, wato tazarar da ke tsakanin kan bawul da hannun da ke danna shi, a injin 2.25 inci 0.010 ce, wato milimita 0.25, na shiga da na fita duka. A saita su da ƙa'idar tara, wato lambobin bawul biyun su haɗu su ba da tara: bawul na 8 ya buɗe sosai a saita na 1, na 7 ya buɗe a saita na 2, haka har ƙarshe. A rubuta a takarda. Bayan kilomita 3,000 a sake aunawa. Lalacewar yau da kullum buɗe rata take yi. Idan ka ga ta bawul ɗin hayaƙi tana matsewa, ta koma 0.20 ko 0.15, mazauni ne ke nutsewa. Inji da ya yi shiru ba ƙarar tafet ko kaɗan ba abin murna ba ne. Da rata ta ƙare bawul ba zai rufe ba, kwamfireshan ya zube, bakin bawul ya ƙone.

Wani abin lura: tsohon kan da ya sha dalma shekaru yana da ragowar kariya a mazauninsa. Ranar da yaro ya gurza bawul da man gurza, ranar ta tafi. Saboda haka duk lokacin da aka sauke kan injin, a wuce da shi wurin masu injin gurzar ƙarfe su dasa zobba masu tauri a mazaunan hayaƙi huɗu, a sa sabbin bawul na hayaƙi, a duba gayid, bututun da sandar bawul ke zirya a ciki. Daga nan an rabu da magani. Mai niyyar mayar da ita gas, CNG ko LPG, wannan aikin wajibi ne a kansa, don gas busasshe ne kuma maganin tanki ba ya bi ta layinsa.

Dogon_Zango:
Allah ya saka da alheri, Baba. To ƙarar da take yi kamar ana kaɗa ƙusoshi a gwangwani idan tana hawa tudu fa, maganin zai kashe ta?

Oga_Tafet:
A'a, wannan maganar oktan ce da taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. Na fotasiyam, sodiyam da fosfaras zalla ba sa ɗaga oktan, sai na manganis ko wanda aka rubuta an haɗa masa mai ɗaga oktan. Sassauta distiributa ka ja taimin baya digiri 2, ka hau tudun a giya ta huɗu ka saurara, ka ƙara kaɗan idan ba ta daina ba. Kada ka zarce, taimin da ya yi baya da yawa yana ƙara wa bawul ɗin hayaƙi zafi. Duba lagireto da tamostat ma, inji mai zafi ya fi yin wannan ƙarar.