Ta yaya zan samu ganin likitan lupus a sabuwar ƙasa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina fama da ciwon lupus (wanda garkuwar jiki ke kai wa jikin mutum hari), kuma ban daɗe da ƙaura zuwa wata ƙasa ba. A nan ba a ganin likitan gaɓoɓi kai tsaye sai likitan da ka yi rajista da shi ya tura ka, shi kuwa ya kafe sai ya ga takardun asibitina na baya, har yau ba su iso ba.

Maganin lupus ɗina, hydroxychloroquine, ya kusa ƙarewa. Yatsuna na kumbura da safe, jan nan na kumatu ya dawo, ga gwajin fitsari na ƙoda ya wuce lokacinsa, shi ya fi tayar min da hankali.

Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali, me ka gabatar aka tura ka? Kuma likitan nan zai iya sabunta min maganin kafin nan?